Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Shawara Ga Masu Son Fara Final Fantasy VII



Yawancinmu idan aka ce gem, ƙwallo ce ke faɗo mana a rai, ko tseren mota, ko dambe. Minti goma an tashi, wanda aka ci ya ba na gaba wuri. Amma akwai wani irin gem da ba haka yake ba. Ana ba mutum jarumi ne ya zama shi, ya bi labari tun daga farko har ƙarshe, a duniyar dodanni da sihiri da takubba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna shi ne Final Fantasy VII, wanda kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar a 1997 don na'urar PlayStation ta farko, a kan faifai 3. Ya girme mu gaba ɗaya, ya ma girmi wasu daga cikin malamanmu 'yan bautar ƙasa. Yau ana samunsa a kwamfuta da waya da sababbin na'urori.

Ɗalibai da yawa sukan fara shi, kafin awa ɗaya su ajiye, su ce wai yana da wuya, ko surutu ya yi yawa, ko mutanen ciki kamar an haɗa su da kwali. A ra'ayinmu laifin ba na gem ɗin ba ne. An yi shi ne don mai karatu da mai shiri, saurin yatsa ba ya amfani a nan. Wanda ya shiga da halin ɗan ƙwallo zai sha kashi, wanda ya shiga da natsuwa zai ga abin da ya sa har yau ake maganarsa.

Labarin a taƙaice shi ne, akwai wani babban birni mai suna Midgar, inda kamfanin Shinra ke zuƙo ƙarfin rayuwar ƙasa, wanda ake kira Mako, yana mayar da shi wutar lantarki. Masu kuɗi suna zaune a sama, talakawa a ƙarƙashinsu ko rana ba sa gani. Kai ne Cloud, mai ƙaton takobi, wanda ya ce shi tsohon sojan Shinra ne, yanzu kuma ƙungiyar su Barret da Tifa ta ɗauke shi haya don yaƙar kamfanin. Iya nan za mu tsaya. Ga shawarwarinmu.

Na farko, ku karanta duk abin da aka rubuta har ƙarshe. Tsohon gem ɗin babu murya, komai a rubuce yake da Turanci. Wanda ke danna madanni don maganar ta wuce, zai tsinci kansa a tsakiyar gari bai san inda za shi ba. Ga misali. Bos na farko wata ƙatuwar kunamar ƙarfe ce. Idan ta ɗaga wutsiya, bayani yana fitowa kashi biyu. Kashin farko sai ka ɗauka cewa aka yi ka kai mata hari, sai a kashi na biyu za ka gane gargaɗi ne, domin in ka taɓa ta a lokacin, za ta rama da wuta mai cin jini sosai. Abin yi shi ne a jira ta sauke wutsiyar, a yi amfani da lokacin a ƙara jini. Wanda ya karanta rabi ya tsaya, ya faɗi, kamar dai yadda ake faɗuwa a jarrabawar fahimtar rubutu.

Na biyu, ku riƙa ajiye wasanku, wato abin da muke kira sebin. Tsohon gem ba ya ajiye wa mutum da kansa. A cikin gari ko kogo, sai a wasu wurare na musamman masu alama mai ƙyalli ake iya ajiyewa. Bayan an fita daga Midgar an shiga fili kuwa, ko'ina ana iyawa. Kada ku wuce alamar nan ku ce sai ta gaba. Duk mun san yadda ake ɗauke wuta ba sallama, aikin awa biyu ya tafi a banza. Kuma ku ajiye a gurbi biyu ko uku, kada ku riƙa danne guda ɗaya, don in kuka maƙale a wani wuri ku sami inda za ku koma. Masu PlayStation 2 su lura: tana karɓar faifan, amma sai da memori kad na PlayStation ta farko ake iya ajiyewa.

Na uku, ku yi magana da kowa, ku leƙa kowane ɗaki. Matambayi ba ya ɓata. A unguwar su Tifa, wato yanki na 7, akwai wani ɗaki a saman shagon makamai da aka tanada don koya wa sababbi. Mutane da yawa sukan wuce shi, alhali a nan ake bayanin yadda ake faɗa, kuma akwai kyauta mai amfani a ciki. In hanya ta ɓace muku saboda zanen ya tsufa, ku danna Select, alamu za su fito su nuna inda jaruminku yake da ƙofofin fita.

Na huɗu, ku fahimci Materia, domin ita ce zuciyar gem ɗin. Wasu ƙananan duwatsu ne masu launi da ake sakawa a ramukan makami ko abin hannu, su ke ba mutum sihiri. Lightning tana jefa tsawa, kuma ita ce maganin abokan gaba na ƙarfe da suka cika Midgar. Restore tana mayar da jini, ana tsintar ta a hanya dab da kunamar nan. Idan ramuka biyu suna haɗe, aka sa Restore a ɗaya, aka sa All a ɗayan, to warkarwa ɗaya za ta game mutum ukun da ke faɗa. All ɗin nan ita ce kyautar da ke ɗakin da muka ambata. Sai dai kada ku loda wa mutum ɗaya duwatsun sihiri duka, domin suna rage masa jini da ƙarfin sara. A raba wa kowa aikinsa.

Na biyar, kada ku riƙa gudun ƙananan faɗa. Kuna cikin tafiya sai allo ya juya, dodanni su fito. Yana da ban haushi, amma daga nan ake samun kuɗin ciki, wanda ake kira gil, a nan jarumai ke ƙara mataki, Materia ma ta girma. Wanda ya guje wa ƙanana zai isa gaban babba ba ƙarfi, ba kuɗi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Na shida, ku yi guzuri kafin ku bar gari. Potion gil 50 ne, yana mayar da jini 100. Phoenix Down gil 300 ne, yana tayar da wanda ya faɗi. Ku saye su kafin ku sayi abin burgewa, kuma in faɗa ya yi zafi ku yi amfani da su, ba ado ba ne. Barret da bindiga yake faɗa, don haka ku sa shi a sahun baya: dukan da zai sha zai ragu, harbinsa kuwa ba zai ragu ba. In kuma kuna ganin abokan gaba suna dukanku kafin ku gama zaɓen sihiri, ku shiga wurin saiti ku mayar da yanayin faɗa zuwa Wait, lokaci zai riƙa tsayawa yayin da kuke zaɓa.

Na bakwai, wanda ya riga ya gama ya kama bakinsa. Akwai abubuwa a labarin nan da daɗinsu shi ne mutum ya gani da idonsa. Ku ma sababbi kada ku je intanet neman ƙarshen labari.

Mun san wasu malamanmu za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Gem ɗin yana cin awa 30 zuwa 40 kafin a gama, wani ma ya fi haka. Wanda ya ce zai cinye shi a mako ɗaya, to barcinsa da aikin gidansa da aiken iyayensa ne za su biya. Shi ya sa muke cewa na hutu ne da ƙarshen mako, awa ɗaya a tashi, da sanin iyaye. Makon gwaji da na jarrabawa kuwa a rufe shi ruf. Tunda an ajiye, Cloud yana nan inda aka bar shi, jarrabawa ce ba ta jiran kowa. Haka kuma a Amurka an sa masa alamar 'yan shekara 13 zuwa sama, saboda faɗa da wasu kalamai marasa daɗi, don haka ba na ƙannenmu 'yan firamare ba ne.

Amma muna roƙon malamanmu su dubi ɗaya gefen. Ɗalibin da ba ya iya gama shafi biyu na littafi, a nan zai zauna ya karanta jimla bayan jimla don yana son sanin abin da zai faru. Zai yi lissafin kuɗi, ya tsara wa kowa aiki, ya koyi cewa shiri ya fi gaggawa. Shawararmu ita ce a ajiye ƙamus da ɗan littafi a gefe, duk sabuwar kalma a rubuta ta. Sai dai a kula, fassarar Turancinsa ta farko akwai kurakurai a ciki, kada wani ya kwafa ya kai wa malamin Turanci ya ce mu muka sa shi.

Don haka duk wanda zai fara, ya ba gem ɗin lokaci har ya fita daga Midgar kafin ya yanke hukunci. In ya ga faɗin duniyar da ke waje bai ji yana so ba, to ya koma ƙwallonsa, babu wanda zai ga laifinsa. Wanda kuma yake da wata shawarar da ba mu kawo ba, ko yake ganin ba haka ba ne, ya rubuto ya ba ƙungiyarmu ta 'yan jarida, za mu liƙa a allon nan mako mai zuwa.