Daga Allon Malam: Tsohon Wasa Cikin Sabuwar Kwamfuta



A hutun da ya wuce muna sharar ɗakin ajiya na makarantarmu, sai muka tarar da wani akwatin ƙarfe ya sha ƙura. Da muka buɗe, ga ƙananan faifai masu kusurwa huɗu wajen ashirin, irin waɗanda a ke kira fulofi. Yaran da ke taya mu aiki suka yi ta juya su, ba wanda ya san ko mene ne. Mu kuwa hankalinmu ya koma 1998, sa'ad da mu kan shiga mota daga Bebeji zuwa Kano domin koyon kwamfuta a wani shago. Fuskar na'urar baƙa ce ƙirin, ba hoto ko ɗaya. Sai ka rubuta mata umurni tukuna ta motsa. Sunan tsarin nan MS-DOS, ya fito a 1981 tare da kwamfutar IBM. Fulofi ɗaya megabait 1.44 ya ke ɗauka, watau ko hoto guda na wayar yanzu sau da yawa ba ya shiga.

Muka aro abin karanta fulofi wurin wani mai gyara. Yawancin faifan sun mutu, uku kaɗai suka amsa. Ɗaya na koyon buga rubutu ne, ɗaya kuma Prince of Persia, wasan da wani Ba'amurke, Jordan Mechner, ya fitar a 1989. Muka kwafe su cikin sabuwar kwamfutar makaranta da murna, muka danna. Ta ƙi sam.

Ashe ba lalacewa ba ce, rashin jin harshe ne. An rubuta manhajojin DOS da tsarin bit 16, Windows na yanzu mai bit 64 kuwa ba ya buɗe irinsu. Kamar a kai tsoho kotun da ba a jin yarensa ne, tilas a nemo tafinta. Tafintan nan shi ne DOSBox, wata ƙaramar manhaja ta kyauta wadda ta fito a 2002. Ita ce ta kan mai da kanta tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, har wasan ya zaci yana gida.

Ga yadda muka yi, domin malaman da za su so gwadawa. Mun tara wasannin a jaka ɗaya mai suna wasa. Cikin DOSBox muka rubuta mount c c:\wasa, sa'an nan c:, sa'an nan prince. Shi ke nan, sai ga yarima a kurkuku. Wani abu kuma: kwamfutar 1981 bugu miliyan 4.77 ta ke yi a daƙiƙa, ta yau kuwa ta wuce biliyan biyu. Waɗansu tsofaffin wasanni da saurin na'ura su ke auna lokaci, saboda haka su kan zabura kamar doki ya tsinke linzami. In haka ta faru, a danna Ctrl da F11 a rage gudu, Ctrl da F12 a ƙara.

To, wani uba zai ce, Malam, kuɗin makaranta muka biya domin wasa? Tambayar tana kan hanya. Amma ku tuna, tun 2015 jarrabawar JAMB duka a kwamfuta a ke yinta. Mun ga yara masu ƙoƙari daga ƙauyukan Kiru da Tudun Wada da Doguwa, sun san amsa sarai, amma ranar jarrabawa ce ranar da suka fara ɗora yatsa a kan maɓallan rubutu. Hannu na rawa, lokaci na tafiya. Yaron da ya yi wata uku yana tsallake rami da maɓallan kibiya ba zai ji tsoron na'ura ba. Dabarar ma ba tamu ba ce. Kamfanin Microsoft ya sa wasan karta na Solitaire cikin Windows a 1990, ta wurinsa kuwa mutane da yawa suka koyi riƙe linzamin kwamfuta.

Abin da ya ƙara gamsar da mu shi ne, waɗannan wasanni ba su cin data, ba su kuma kawo tallar caca kamar na waya. Prince of Persia ma minti 60 kaɗai ya ke ba mutum, in sun cika an koma farko. Ko da shi ke akwai takobi da jini a ciki, don haka ƙananan yara mu kan ba su Tetris, wasan jera tubala da Alexey Pajitnov ya ƙaga a birnin Mosko.

Sai dai a yi hankali da abu biyu. Masu tsohuwar kwamfuta mai Windows XP kada su haɗa ta da intanet, gama tun Afrilu 2014 aka daina toshe mata kafofin ɓarayi. Na biyu, tsufan wasa bai mai da shi marar mai shi ba. Waɗansu har yanzu ana sayar da su, bai kuwa kyautu yaro ya ga malaminsa yana ɗaukar abin da ba nasa ba. Akwai na halal: FreeDOS, tsari ne irin na DOS wanda masu shi suka bayar kyauta, akwai kuma wasannin da masu su suka saki da kansu.

Yanzu kowace Jumma'a bayan an tashi, kowane yaro yana da minti goma sha biyar, goma na buga rubutu, biyar na wasa. Makon jiya wata yarinya 'yar aji biyar, da ta tara mintocinta na wata guda, ta ture ƙwarangwal ɗin nan na mataki na uku cikin rami, wanda ya hana mu wucewa a 1998. Ta juyo ta ce, "Malam, wai nan ne wurin mai wuya?"