SIKELI ƊAYA MUKE SO

'Yan'uwa talakawa na Magaria da Dungas, da na Bande da Waca da Mallawa,

Manyan ƙasashe masu arziki sun daɗe suna yi mana wa'azi cewa a rushe shingen ciniki, kowa ya kai kayansa inda yake so, kasuwa ta yanke kuɗi. Muna so kowane reshe ya auna wannan magana da abin da ya faru da gyaɗarmu, don kada a ruɗe mu da daɗin baki.

A zamanin mulkin mallaka an tura manomi ya shuka gyaɗa don ya sami kuɗin lanho. Kamfanonin Turawa suka kafa sikeli a kasuwanninmu, su ne masu awo, su ne masu faɗin kuɗi. Faransa tana sayen gyaɗar ƙasashen da ta mallaka da kuɗi sama da na kasuwar duniya, domin masana'antunta na mai su sami abin tatsa. Bayan mulkin kai, a 1962, aka kafa SONARA don cinikin gyaɗa ya dawo hannun ƙasa. A 1963 aka sa hannu kan yarjejeniyar Yawunde tsakanin ƙasashen Turai 6 da na Afirka 18, zuwa 1968 kuma an janye wannan ƙarin kuɗi, aka ce mu je mu yi gogayya a kasuwar duniya.

To, a wannan lokaci me Turai ta yi wa nata manoma? A 1962 ta kafa tsarin tallafa musu da kuɗin gwamnati, a 1966 ta shigar da masu noman irin da ake tatsar mai a ciki. An tuɓe wa manomin Magaria riga, an ƙara wa na Faransa bargo. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka same mu ba mu da abin jingina. Da kura tana maganin zawo, da ta yi wa kanta.

Ba mu kaɗai aka yi wa haka ba. A 2003, a taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun ta ƙasar Meziko, Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi suka miƙe suka ce tallafin da Amurka take ba manomanta na auduga yana karya kuɗin audugar Afirka. Taron ya watse ba a shirya ba. Barazil ta kai Amurka ƙara kan wannan auduga, ta yi nasara a 2005. Sai a 2015, a Nairobi, aka yarda a daina tallafin fitar da amfanin gona waje, amma tallafin da suke ba manomansu a cikin gida bai tsaya ba. A wannan shekara ta 2015 kuɗin duwan da Afirka ta Yamma ta sa wa garin madara mai shigowa a manyan buhuna kashi 5 ne kawai cikin 100. Da wannan gari 'yar Fulani mai tallan nono take gogayya.

Kada wani ya ce mu maƙiyan ciniki ne. Mu jikokin fatake ne. Akuyar Dungas a Maigatari ake sayar da ita, waken Magaria ta Babban Mutum yake bi zuwa Kano. Da Nijeriya ta rufe iyaka a watan Agusta 2019, da kuma lokacin takunkumin 2023, kowa ya ga yadda abinci ya yi tsada, dabba kuma ta rasa mai saye. Shingen da ke tsakaninmu da Daura da Babura shi ya kamata a fara sassautawa, tun da a Yamai aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta Afirka a watan Yuli 2019.

Abin da muke nema a fili yake. Duk ƙasar da take tallafa wa manominta ba ta da bakin hana mu kare namu. Ingila kanta ta kare hatsinta har 1846, sai da masana'antunta suka yi ƙarfi ta buɗe ƙofa. Mu ma a bar mu mu tatse gyaɗarmu da riɗinmu a gida, mu sayar da mai da ƙuli-ƙuli, ribar ta zauna a hannun matanmu.

Saboda haka kowane sakataren reshe ya karanta wannan takarda ga waɗanda ba su yi lakwal ba. Ranar kasuwa a rubuta kuɗin tiyar gyaɗa da na kwalbar mai, da kaka da kuma bazara, a aiko mana. A ƙarfafa wa manoma su haɗa kai su sayar tare, kada bashi ya sa su zubar da amfaninsu da arha. Duk wakilin da ya zo neman goyon bayanku, ku tambaye shi wace yarjejeniyar ciniki aka sa wa hannu da sunanku, kuma me ta ce game da gyaɗa da nono.

Allah ya ba talaka sa'a. Amin.