FILIN MANOMA: Gyaran Tafkin Kifin Da Gansakuka Ta Cinye

Jama'a, a Lafiya da kewayenta akan tarar da tafkin kiwon tarwada ko karfasa wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi, ruwa ya koma kore shar, kwaɗi da matsattsaku sun gaje wurin. To, kada mai tafki ya yi garajen zuba guba.

Gansakuka alama ce, tushen cutar kuwa shi ne ragowar abinci da kashin kifi da suka taru a ƙasa. Da rana takan ba ruwa iskar shaƙa, da dare ta shanye ta, shi ya sa da asuba kifi kan taso sama suna haki. In aka kashe ta gaba ɗaya da magani sai ta ruɓe, jarin mutum ya mutu dare ɗaya.

A bari sai rani, watau daga Nuwamba zuwa Maris. A kwashe kifin, a zurare ruwan, a yashe taɓon, a bar ƙasan ya sha rana kamar mako 2 har ya tsattsage. Sa'an nan a barbaɗa farar ƙasa, a tsince katantanwa, domin wasunsu ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Bayan an mai da ruwa, kada a ƙara ba kifi abin da ya fi cikinsu.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malaman kiwon kifi na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba da sa'a.