A Ba Ƙugiya Gurbi a Akwatin Rubutu

Sanin kowa ne cewa "kasa" daban, "ƙasa" daban. Haka nan "baki" da "baƙi". A zamanin tafireta, da biro malamanmu suke bin takarda suna yi wa haruffa ƙugiya. Abin takaici, yau ga kwamfuta, amma sai a buga maƙala a shafin intanet ba ƙugiya ko ɗaya.

Alhali gyaran ba wuya gare shi ba. Alal misali, tsohon akwatin rubutu na WordPress, wanda aka gina kan TinyMCE, yana da jerin maɓallai a samansa, kuma ta kafar da ake kira mce_buttons mai shafi na iya ƙarawa ko ragewa. Da 'yan layukan umurni na PHP da JavaScript sai a dasa maɓallan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, tunda Unicode ta ba kowannensu lamba. Zuwan Gutenberg a 2018 ma bai toshe hanya ba.

Wasu za su ce kowa ya sa allon harufan Hausa a na'urarsa. To, ɗalibin da ke aiki da kwamfutar haya fa? A ganina, a kwashe maɓallan adon da ba mai taɓawa, a ba ƙugiya gurbinsu, kuma sassan Hausa ya kamata su fara.