Filin Shari'a: Wa'adin Neman Diyyar Rauni a Bakin Aiki

Sau da yawa inji kan datse wa lebura yatsu a masana'anta, maigida ya biya kuɗin asibiti, ya ɗan ƙara masa na jinya, shi ke nan magana ta mutu. Alhali kuwa doka ta tanadar masa abin da ya fi haka.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, kuma an hana shi cire wannan kuɗi daga albashinsu. Daga asusun ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada, ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata.

To, amma akwai wa'adi. Ma'aikaci, ko iyalinsa idan ya rasu, su sanar da maigida cikin kwana 14. Maigida ya kai wa hukuma rahoto cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuwa a shigar da ita cikin shekara 1. In da ƙwaƙƙwaran uzuri, akan karɓa har zuwa shekara 3.

Duk yarjejeniyar da aka sa ma'aikaci ya yafe wannan haƙƙi, doka ba ta san da ita ba. Saboda haka ya adana takardun likita da sunayen shaidu, ya nemi ofishin hukumar tun da wuri, domin da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.