Ganuwa ba ta tare hayaƙi



Kowa a Zariya ya san yadda gari yake wayewa a watan Disamba da Janairu: hazo ya rufe ko'ina, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, yara suna tari. Mukan ce hunturu ne. Gaskiya ne, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zube mana. Wannan ba mu da ikon hana shi. Amma akwai hayaƙin da muke ƙarawa da hannunmu, kuma ina ganin za a tambaye mu a kansa.

Farawa 2:7 ta nuna mana cewa mutum bai zama rayayye ba sai da Allah ya ba shi numfashi. Iskar da ya tanada mana a auna take: kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, kashi 21 oksijin ne, wanda jini yake ɗauka ya kai ko'ina a jiki. Yawancin wannan iska tana cikin kilomita goma sha wani abu na farko a bisa kawunanmu. Ke nan sararin ba shi da zurfin da zai haɗiye duk abin da muka watsa masa. Babban mutum kuwa yakan ja numfashi kusan sau 20,000 a yini. Ruwan da kake shakka kana iya ƙin sha, amma iska ba ka da zaɓi.

Da sanyin safiyar hunturu, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa, mai ɗumi tana bisanta kamar murfi. Shi ya sa hayaƙin bola da na murhu ba ya tashi sama, sai ya bi lunguna ya shiga ɗakuna. A cikinsa akwai ɓurɓushi ƙanana ƙwarai, waɗanda gashin hanci ba ya tarewa. Sukan kai can cikin huhu, har su shiga jini. Daga nan ake samun asma, ciwon huhu ga jarirai, da ciwon zuciya ga manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska tana kashe mutane kusan miliyan 7 kowace shekara. A jerin da ta fitar a 2016, Kaduna tana cikin biranen duniya da suka fi ƙura da ɓurɓushi a iska. Abin yana ƙofar gidanmu.

Ganuwar Zazzau an gina ta don tare mahara, amma ba ta tare hayaƙi. Ledar da aka ƙona a Tudun Wada, mai zama kusa da Ƙofar Doka zai shaƙe ta. Tayar da aka ƙona a cikin birni, iska za ta kai hayaƙinta Wusasa. Kirista da Musulmi, huhu iri ɗaya Allah ya yi mana. Romawa 13:10 ta koya mana cewa mai ƙauna ba ya cutar da maƙwabci. To, wanda ya share harabar coci ranar Asabar, ya tara leda da roba ya cinna musu wuta a jikin katangar maƙwabci mai jariri, yaya zai rera waƙar ƙauna ranar Lahadi?

Na san abin da wasu za su ce: gas ya yi tsada, wuta ba ta zama, motar kwashe shara ba ta zuwa. Haka ne, kuma wajibi ne mu riƙa tuna wa hukuma aikinta. Ba na zargin uwar da take girki da itace domin ba ta da wani abu. Amma talauci bai hana mu fitar da janareto waje ba. Iskar kabon monoksaid da yake fitarwa ba ta da wari ko launi, tana kama jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu, har mutum ya wuce cikin barci. Wanda ya kwana da janareto a baranda rufe yana cewa Allah zai kare, ya sake karanta Matiyu 4:7. Wannan gwada Allah ne.

Ga abin da nake roƙon zumuntarmu. Mu daina ƙona shara a harabar coci. Ganye da ɓawo a binne su zama taki, roba a tara wa masu saye. Janareto ya zauna nesa da taga, a coci da gida. A yi girki da busasshen itace inda iska take wucewa, a sauke goyo kafin a tsuguna gaban murhu. Masu asma da tsofaffi su sa takunkumi ranar da hazo ya yi yawa. Damina in ta sauka, kowa ya dasa darbejiya ko mangwaro, ya kuma yi renonsa.

Mishan ta CMS da ta koma Wusasa a 1929 ba coci kaɗai ta gina ba, har da asibiti da makaranta, domin bishara ta damu da jiki kamar yadda ta damu da rai. Mu ma mu bi wannan sawu.

Ya Ubangiji, kai ka ba mu numfashi. Ka koya mana kiyaye na maƙwabtanmu. Amin.