Gidan Hutu: A Bakin Tafki Ko a Bakin Teku?

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen da ke can ƙuryar arewacin Turai, musamman Finlan da Suwidin da Norwe, akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta mallakar ɗan ƙaramin gidan katako a wajen gari, inda iyali kan koma su yi hutun bazara. Ya kamata mai karatu ya lura cewa bazararsu ba irin tamu ba ce. Tamu lokacin zafi ne da ake alla-alla ya wuce. Tasu kuwa watanni uku ne kacal, wato Yuni da Yuli da Agusta, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, bayan dogon hunturu mai duhu da ƙanƙara. Saboda haka kowace rana a cikinta tana da daraja a wurinsu.

A Finlan, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, akwai irin waɗannan gidaje kimanin rabin miliyan. Suna kiran ɗaya mökki da harshensu, kuma galibi a bakin ruwa ake gina shi, tare da ɗakin wankan surace da ake kira sauna. Ƙasar tana da tafkuna fiye da 187,000, tana kuma da doguwar gaɓa a Tekun Baltik mai dubun-dubatar tsibirai. Don haka duk magidancin da ya tara kuɗinsa zai sayi irin wannan gida, tilas ya fuskanci tambaya guda: a bakin tafki ko a bakin teku? Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ga mai matsakaicin ƙarfi, wanda gumin shekaru zai zuba a wannan ciniki, bakin tafki ya fi. Za a kawo hujjoji, sannan a duba abin da masu ja za su ce.

2.0 Abin da Ke Jan Mutane Zuwa Teku

Adalci ne a fara da faɗar alherin teku. Wanda ya zauna a tsibiran da ke gaban birnin Turku yana kallon ruwa iya ganinsa, babu tudu babu daji da zai tare masa ido. Iskar teku takan kore sauro, wanda yake damun mazauna bakin tafki a farkon bazara. Mai jirgin ruwa yana iya tashi daga ƙofar gidansa ya bi tsibiri bayan tsibiri har ya kai gaɓar Suwidin. Bugu da ƙari, fili a bakin teku kusa da manyan birane kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa, don haka yakan riƙe darajarsa a kasuwa.

Duk wannan gaskiya ne. To amma masu iya magana kan ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mafi yawan masu saye sukan je duba gida ne a rana mai kyau cikin Yuli, ruwa kwance, sama tangaran. A irin wannan rana ido ne ke yin ciniki. Gidan kuwa zai tsaya a wurin kwana 365 a shekara, har da ranakun guguwa da ƙanƙara da mai shi ba ya nan.

3.0 Hujjojin Fifita Tafki

3.1 Yawan Kwanakin da Za a Yi a Gidan

Ma'aunin farko na amfanin gidan hutu shi ne kwana nawa iyali za su kwana a cikinsa. Ma'aikata da yawa a Finlan kan ɗauki hutun mako huɗu a bazara, yawanci cikin Yuli. Abin da ya rage sai ranakun ƙarshen mako. Gidan da ake isa da mota har bakin ƙofa ana iya zuwa cikinsa da yammacin Juma'a a dawo ran Lahadi. Alal misali, daga Helsinki zuwa Lahti, inda yankin manyan tafkuna ya fara, tafiyar kilomita 100 ce ko ɗoriya kaɗan. Gidajen teku da mai matsakaicin ƙarfi zai iya saye kuwa, da yawansu a tsibiri suke, domin na gaɓar da mota ke kaiwa sun fi tsada. Mai gidan tsibiri sai ya ajiye mota, ya sauke kaya, ya loda su a jirgi, sannan ya duba ko iska za ta bari. Akwai ma wasu makonni a farkon hunturu da ƙarshensa da ƙanƙara ta yi kaurin da jirgi ba zai ratsa ba, ba ta kuma yi ƙarfin da za a taka ta ba. A wannan lokaci gidan yana nan, amma babu hanyar zuwa.

Ya kamata a tuna kuma cewa mai saye ba zai dawwama da ƙarfin da yake da shi ranar ciniki ba. Wanda ya saya yana da shekara 45, wata rana zai kai 70, yana fama da gwiwa, ga jikoki ƙanana a hannu. Tsalle daga jirgi zuwa kan dutse mai santsi ba aikin dattijo ba ne. Ruwan tafki kuma yakan riga na teku ɗumi, igiyarsa ba ta da ƙarfi sosai, don haka yara sun fi samun damar wanka da koyon iyo.

3.2 Ɗawainiyar Bayan Saye

Hausawa na cewa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuɗin saye sau ɗaya ake biyansa, amma ɗawainiya kowace shekara ce: harajin gida, wanda ƙananan hukumomi kan ɗora wa gidan hutu fiye da na gidan zama, da inshora, da fenti, da gyaran rufi. A bakin teku ana ƙara kuɗin jirgi da mansa da wurin ajiye shi a hunturu, da gyaran gadar katakon da ake ɗaure shi, wadda igiya da ƙanƙara ke yawan karyawa. Idan gidan a tsibiri yake, kowane buhun siminti da kowane kafinta sai an yi masa jigila ta ruwa.

Game da gishiri, wajibi ne a bambance. Ruwan manyan tekuna yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, na tsakiyar Baltik kuwa bai wuce kimanin giram 7 ba. Saboda haka tsatsar da ke cin kwano da ƙusa a gaɓar Norwe ta fi ta Finlan tsanani. Duk da haka ruwan Baltik ba ya shayuwa, kuma rijiyar da aka haƙa kusa da gaɓa tana iya yin zartsi. Ruwan wasu tafkuna kuwa yana da tsabta matuƙa. Hasali ma, daga Tafkin Päijänne ake jawo ruwan shan birnin Helsinki, ta wani rami mai tsawon kimanin kilomita 120 da aka kammala a 1982.

3.3 Bakin Teku Ba Ya Tsayawa Wuri Ɗaya

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, domin ta shafi filin kansa. Mai sayen gida a bakin ruwa, rabin kuɗinsa na kusancin ruwan ya biya. Idan ruwan ya matso ya ci fili, an yi asara. Idan ya janye ya bar taɓo, nan ma an yi asara.

Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna cewa tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma saurin ƙaruwar yana daɗuwa. Ban da wannan, guguwa kan tura ruwa zuwa gaɓa cikin dare ɗaya. A watan Janairun 2005, ruwan teku a Helsinki ya haura matsayinsa na yau da kullum da kimanin mita ɗaya da rabi. Mu ma a Nijeriya mun ga irin wannan a Legas, inda teku ya yi ta cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru, yana malalowa kan titin Ahmadu Bello, har sai da aka yi katangar duwatsu aka cike wurin.

A gaɓar yammacin Finlan kuma, abin ya juya. Ƙasar yankin birnin Vaasa tana tasowa da kimanin milimita 8 zuwa 9 a shekara, saboda ta sauke nauyin ƙanƙarar da ta danne ta dubban shekaru da suka wuce. Wannan abin mamaki ne ya sa hukumar UNESCO ta sanya tsibiran Kvarken cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Amma ga mai gida, ma'anarsa ita ce cikin shekara 50 ƙasa za ta tashi da kusan santimita 40, kuma a gaɓa mai shimfiɗe wannan ya isa ya mayar da mashigar jirgi fadama. Wani abin lura shi ne, a dokar ƙasar, sabon filin da ruwa ya bari na mai mallakar ruwan ne, ba na mai gidan da ke gaɓa ba. In yana so ya ci gaba da zama mai bakin ruwa, sai ya fanshi filin da kuɗinsa.

3.4 Wanda Ke da Iko da Lafiyar Ruwan

Ƙasashe tara ne ke kewaye da Tekun Baltik. Takin zamani da dagwalon birane da koguna ke kwasowa daga dukkansu sun cika shi da sinadaran fosfaras da naitirojin. Sakamakon haka, a Yuli da Agusta, daidai lokacin hutu, wata irin gansakuka mai guba kan rufe fuskar ruwa, har a gargaɗi mutane kada su yi wanka ko su bar dabbobi su sha. Tun 1974 aka sa hannu kan yarjejeniyar Helsinki domin kare tekun, amma har yanzu matsalar ba ta kau ba, domin ruwan Baltik yana daɗewa ƙwarai kafin ya sauya.

Tafki ma yakan kamu da wannan cuta, sai dai maganinsa yana hannun mutanen da ke kewaye da shi. Tafkin Vesijärvi da ke Lahti ya taɓa lalacewa da dagwalon gari. Aka daina zuba masa dagwalon a shekarun 1970, sannan daga ƙarshen shekarun 1980 aka shiga kwashe ƙananan kifayen da ke taimaka wa gansakukar yaɗuwa, ruwan kuwa ya washe. Mai gida a bakin tafki yana iya zama da maƙwabtansa da ƙaramar hukumarsa su gyara ruwansu. Mai gida a bakin teku sai dai ya jira gwamnatoci tara.

4.0 Abin da Masu Ja Za Su Ce

Mai karatu daga wannan yanki namu yana da damar ya ce: ai tafki ma ba shi da amana, ga Tafkin Chadi nan. Wannan magana tana da ƙarfi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma, garuruwan masunta irin su Baga suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa. Ko a Finlan ɗin, Tafkin Saimaa, wanda shi ne mafi girma a ƙasar, ya yi gagarumar ambaliya a 1899.

Amsar ita ce, kama da wane ba ta wane. Chadi tafki ne marar zurfi a bakin hamada, inda rana ke ƙafar da ruwa, kuma rayuwarsa ta rataya ga kogunan Shari da Lagone. Tafkunan Finlan suna kwance ne a kan dutse, a ƙasa mai sanyi da ruwan sama da ƙanƙara ke ciyar da su kowace shekara. Darasin da Chadi ke koyarwa shi ne kada a sayi gida don kawai an ji sunan tafki. A tambayi zurfinsa, da inda ruwansa ke fitowa, da iyakar da ya taɓa kaiwa a cika da a janyewa. Idan tafkin na madatsar ruwa ne, a san cewa mai buɗe ƙofar madatsar shi ke da iko da bakin ruwan.

Haka nan akwai mutanen da teku ya fi dacewa da su: wanda ya tashi a gaɓa, ya iya jirgi tun yana yaro, yana kuma da rarar da zai ɗauki asara in ta zo. Irin wannan ba da shi ake ba. Iya ruwa fid da kai.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa tafki ya rinjayi teku ta fuska huɗu: sauƙin zuwa, da sauƙin ɗawainiya, da tabbacin fili, da ikon gyara ruwa. Teku ya rinjaye shi ta fuskar kyan gani da yalwar iska da darajar kasuwa. Shawarar da za a bai wa mai niyya ita ce, kafin ya biya, ya yi hayar gida a wurin na bazara guda, ya kuma koma ya ga wurin a watan Nuwamba, lokacin da babu mai talla. Ya binciki izinin gini, domin gini a gaɓa a Finlan sai da tsarin hukuma ko izini na musamman. Ya duba yadda gidan ke zubar da ruwan ƙazanta, domin doka ta tsananta a kan gidajen da ke cikin mita 100 daga bakin ruwa. In baƙo ne daga wajen Tarayyar Turai da ƙasashen da ke cikin yankin tattalin arzikinta, ya sani cewa tun 2020 sai da izinin Ma'aikatar Tsaro zai sayi fili. Gidan hutu dukiya ce da 'ya'ya za su gada tare da harajinta da gyaranta, don haka ya wajaba uba ya zaɓar musu wanda za su iya zuwa, su kuma iya riƙewa.